Famfon da na saya a madadin Baba Ajimi

Litinin, 6 ga Janairu, 2003

Yau ma sai da la'asar ta wuce muka shigo Diffa. Laifin tsohon nan ne, Baba Ajimi. Daga Tumur hanya yashi ce zalla, dole in rage iskar taya kafin a-kori-kurata ta bi da lodin tattasai. Da an hau kwalta kuma dole a mayar da iskar, in ba haka ba nauyi ya yanka tayar. Aikinsa ke nan, da famfon hannu. Ya buga, ya tsaya, ya yi tari, ya tofar, ya sake bugawa. Ni kuwa ina zaune a inuwar mota raina na tafasa. Motar Lawali, wanda muke sayen tattasai a gona ɗaya, ta zo ta wuce mu, har yana ɗago mini hannu. Ɗan rainin wayo.

Marigayi babana ne ya ɗaura mini wannan kaya. Ba a biyansa. Yana buga iska, a kawo shi gari ranar Litinin, a mayar da shi ranar Laraba. Da can yawon kasuwa ke kawo shi. Yanzu matarsa Ya Fanna na kwance a asibiti tun ƙarshen damina, ciki ya kumbura, ƴarsu Zahra'u ke jinya. Ba shi da kuɗin mota, kuma ba zai bar gonarsa ba ban-ruwa ya zo ya tare. Motata ce kaɗai hanyarsa ta ganin matar. To ni ina ruwana? Ni na sa mata ciwon?

Inda yake zama a baya, buhu biyu za su shiga.

Talata, 7 ga Janairu

Na je shagon Ɗan Azumi mai kayan mota, mutumin Damagaram ne kamarmu. Ya baje mini famfo iri-iri. Akwai na ƙafa. Na ce masa ai wannan canza hannun Ajimi ne da ƙafar Ajimi, mai da abinka. Akwai ɗan ƙarami da ake sokawa a wurin kunna sigari, har da fitila a jikinsa. Akwai babba mai maƙalewa a kan batir, amma sai an sauto shi daga Maiduguri. Ya ba ni ƙaramin in gwada.

Ya tambaye ni, "Tsohon fa?" Na ce tsohon na nan.

Laraba, 8 ga Janairu

A hanyar komawa ya ishe ni da labarin matarsa. Ta sha kunu, ta yi dariya, ta tambayi akuyarta. Sai ka ce na tambaye shi.

Litinin, 13 ga Janairu

Na samo dabarar zaɓe. Duk famfon da zan saya sai ya kara da tsohon tukuna. Da muka hau kwalta na ce, "Baba, kai kama tayar dama, wannan abin ya kama ta hagu, mu ga gwani." Ya yi ta dariya da guntayen haƙoransa.

Wallahi tsohon ya ci. Abin ya yi ta ƙara kamar zai tashi sama, allurar agogonsa ko motsin kirki ba ta yi, can sai ga ƙaurin roba. Na taɓa shi ya ƙona mini yatsa. Kayan banza, na masu ƙananan motoci ne da ba su taɓa ganin yashi ba.

Abin da ya ba ni haushi daban ne. Ajimi ya share gumi ya ce, da Hausarsa ta Barebari, "Ɗana, na gane. Ƙirjina kake tausayi. Haka babanka yake." Har ya kama mini hannu.

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. In ya ga dama ya yi wa kansa fassara.

Talata, 14 ga Janairu

Na mayar wa Ɗan Azumi tarkacensa. Na ce a kawo babban, mai dogon tiyo da zai kai tayar baya ba sai an ja shi ba.

Alhamis, 16 ga Janairu

Duk Tumur ta ji wai ni Mudassir zan sayo wa Ajimi inji. A bakin kogin Komadugu wani ya tare ni yana sa mini albarka. Tsohon nan bakinsa ba ya rufuwa. Kuma har yau a gaban manoma sai ya ce shi ya goya ni ina yaro, na yi masa fitsari a wuya. Ina cikin ciniki fa! Kowa ya kwashe da dariya, farashin da na faɗa ya zama wasa. Na haɗiye. Kwanansa ya kusa ƙarewa a motata.

Talata, 21 ga Janairu

Injin ya iso. Jan ƙarfe, da nauyi, da bakuna biyu masu cizon batir. Ɗan Azumi ya ce a bar mota a kunne in ana aiki da shi, kada ya shanye wuta.

Ranar kasuwa ce, gaban shagon cike da mutane. Na sa aka sace iskar tayoyin duka, na aika aka kira Ajimi daga asibiti. Ya zo da sauri, ya zaci wani abu ya faru. Na ce gasa za a sake. Ya dubi jama'a, ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke, ya tsaya daga shi sai ƴar shara, haƙarƙari duk a waje.

Direbobi suka yi ta zuga shi. "Buga, tsoho! Kada ƙarfe ya ba ka kunya!" Ya buga kuwa. Ban taɓa ganin ya buga haka ba. Injin ya gama ta farko, ya gama ta biyu, ya gama ta uku, shi yana nan a kan tasa. Na so in ce ya isa, sai na ga mutane na jin daɗi, na bar shi. Can gwiwarsa ta saki ya durƙusa, tari ya sarƙe shi, hularsa ta faɗi cikin baƙin mai. Aka yi shewa. Ni ma na yi dariya har da hawaye, me zan ɓoye.

Da ya samu numfashi ya rarrafo ya shafa injin. Ya ce, "Wannan shi ne, ɗana. Sayi wannan. Allah ya hutar da kai kamar yadda ka hutar da ni."

Na saya. Shi ya ɗauka ya kai cikin mota da kansa.

Laraba, 22 ga Janairu

Ya Fanna ta aiko wa matata Balkisa turaren wuta a ƙullin leda, wai godiya. Balkisa ta san nufina tun farko. Ta ajiye ƙullin a gabana ta ce, "Maigida, ka faɗa masa gaskiya mana." Na ce ta kula da tukunyarta.

Litinin, 27 ga Janairu

Na bar Ajimi ya biyo ni sau ɗaya, don in ga injin da cikakken lodi kafin in saki reshe. Lafiya lau. Kafin in gama shan ruwa tayoyi sun tashi. Tsohon ya tsaya riƙe da tiyo kamar wani makanike, alhali tiyon ba ya bukatar mai riƙewa. Na riga Lawali shiga gari.

Litinin, 3 ga Fabrairu

An gama.

Na yi lodi har sama, na ɗaure ragon layyata a gurbin Ajimi. Ya zo da ƙullin banda da ɗan galan na nono zai kai wa matar. Ya zagaya motar yana neman wurin taka ƙafa. Na ce, "Baba, yau babu wuri."

Ya ce ko a kan buhu. Na ce jandarma za su tare ni. Ya ce to ya riƙe ragon a cinyarsa. Na ce ragon ba ya bukata. Ya dubi gidan gaba, inda injin ke zaune a kan kujera. Na ce wannan ba a ɗora shi a ƙasa, yashi na shiga.

Sai ya ce, "To wa zai riƙe maka tiyo?"

Na ce zan iya. Ya miƙo mini ƙullin da galan ta taga, ya ce in ce mata sati mai zuwa. Na ja mota. A madubi na gan shi tsaye da famfonsa na hannu, ashe har yau yana yawo da shi.

Talata, 4 ga Fabrairu

Nonon ya kwana a mota ya yi tsami, na zubar. Balkisa ta kai bandar asibiti. Ta dawo fuska a ɗaure. Wai Ya Fanna ta kwana tana sa Zahra'u leƙa ƙofa, da ta ji motsin takalmi sai ta ce ga shi nan. Wai ta tambaya ko faɗa muka yi. Na ce wa Balkisa ni ɗan kasuwa ne, ba motar asibiti nake ja ba.

Tattasai ya yi daraja yau.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ajimi ya zo masaukina na Tumur ya zauna a ƙofa tun hantsi. Bai roƙe ni ba, gaisuwa kawai yake ta maimaitawa. Na ce bayan salla, in Allah ya so. Ya ce an aiko masa jikin ya yi nauyi. Na ce kullum haka ake cewa.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na bi ta bayan gari don kada mu haɗu.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Salla. Ragon ya yi kitse. Balkisa ta ɗebi hanta ta kai asibiti, ta ce matar ba ta iya haɗiya.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ya Fanna ta rasu da hantsi. An binne ta nan Diffa kafin la'asar, maƙwabtan gadonta da wasu Barebarin unguwa suka yi mata sutura. Balkisa ta ce in je jana'iza. Na ce ina suyar nama, kuma ba dangina ba ce.

Ta ce, "Har ta cika sunansa take kira." Wa ya tambaye ta? Ciwon tun damina yake. Ko da ya zo, shi likita ne?

Asabar, 15 ga Fabrairu

Saboda salla babu motar da ta shiga Tumur, labari bai je ba. Ni na kai. Balkisa ta matsa sai da na ɗauki Zahra'u da kayan jinya. Duk hanya ta rungume injin a cinyarta don babu inda za a ajiye shi.

Ajimi ya jiyo ƙarar mota ya fito da gudunsa na tsofaffi. Ya ga ƴarsa ta sauko da tabarma a naɗe da buta. Ya leƙa cikin motar, ya leƙa baya. Ya tambaye ta wani abu da Barbarci, ta ba shi amsa. Ya zauna a ƙasa nan inda yake.

Na ce Allah ya jiƙan ta. Ya ce amin, na gode da ka kawo mini yarinya. Na so a ce zagina ya yi.

Talata, 18 ga Fabrairu

Ɗan Azumi ya tambaye ni yaya inji. Na ce ba shi da matsala. Ya ce Lawali ma ya sa a kawo masa irinsa.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Na gama lodi da wuri amma ban tashi ba. Na taka har gonarsa. Yana duƙe yana buɗe wa ruwa hanya tsakanin kunya, ya rame, riga na yawo a jikinsa. Na ce, "Baba, injin nan ya lalace. Ɗauko famfonka mu tafi, akwai wuri a gaba."

Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Zafin rana ne, ina jin.

Ya miƙe ya daɗe yana kallona. Sai ya ce, "Ɗana, ni yanzu wa nake da shi a Diffa? Kai shi wurin Ɗan Azumi ya duba maka. Inji ne mai kyau, kada ka yar." Ya koma ya duƙa kan ruwansa.

A bakin kwalta na maƙala injin a batir. Lafiyarsa ƙalau, nan da nan ya cika tayoyin. Na shigo gari kafin azahar, babu motar da ta riga ni.

Ban wuce kasuwa ba. Na tsaya a bakin maƙabarta, na kashe mota. Ban ma san wane ne nata ba. Wani dattijo da ke zaune a ƙofar ya taso ya tambaye ni ko wani nake nema. Na ce a'a, taya nake dubawa.