Abin da Aka Tono a Gonarmu ta Giwa Tazo

Sabon Gari, Jega,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga Yayana Hashim,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyalinka a Kumasi. Allah ya ƙara maka lafiya, ya buɗa kasuwa. Mu nan alhamdulillahi. Ciwon gwiwar Inna ya lafa, har tana zuwa Islamiyya da ƙafarta. Fadila ta shiga aji uku, Ummi kuwa ta fara tsayuwa tana dafa bango. Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direban albasa alhali ga waya. Maganar ba ta waya ba ce, kuma in ka gama karantawa ka ƙone ta.

Ka san halin maigidana, Baban Fadila, da haɗe-haɗen waya. Da gyaran rediyo ya yi sanyi a rumfarsa, sai ya ga bidiyon wata na'ura mai gano ƙarfe a cikin ƙasa, ya ce shi ma sai ya haɗa tasa. Ya kwance wayar tagulla daga tsohuwar fanka, ya naɗe ta a murfin bokitina, ya ɗaura a bututun roba, ya jona batir da 'yar sifika. Wata biyu tana ƙin aiki. Ranar da ta fara, sai ya bi tsakar gida yana binne min cokula, mu kuwa muna ta dariya duk lokacin da abin ya yi ƙara. Har zoben Inna da ya ɓace bara ya gano a gindin randa. Burinsa ya riƙa nemo tsofaffin ƙarafa yana kai wa maƙera a Jiga Makera, in kuma Allah ya nufa wata rana ya dace da dutse mai daraja.

Sati uku da suka wuce, ranar Lahadi da hantsi, ya tafi da ita gonarmu ta gado a Giwa Tazo, wadda Yari ɗan Kawu ke nomawa. Sun zagaye inda aka yanke gero ba su samu komai ba sai karyayyar fartanya. Da suka isa gindin kiryar nan ta bakin kwari, sai na'urar ta ɗauki ƙara ba tsayawa. Suka tona kamar kamu biyu, suka ci karo da buhu naɗe cikin leda. Yaya, bindigogi ne, guda huɗu, da harsasai cike da galan. Babu tsatsa ko kaɗan a jikinsu, an shafe su da mai. Wanda ya ajiye bai daɗe ba, kuma da niyyar dawowa ya ajiye. Suka mayar da ƙasa, suka share sawu da ganye, suka yi alkawarin yin shiru. Kwana uku maigida bai ci abincin kirki ba, sai da na tsare shi da kuka ya faɗa min.

Ashe wasu mata masu neman itace sun hango su suna tono. Kafin a ci kasuwar Jega, labari ya bazu cewa injin mai gyaran rediyo ya gano zinari a gonar Babanmu, marigayi Malam Sanusi. Mutane suka fara zuwa da diga da shebur, har daga Maiyama. Yari ya kore su yau, gobe su dawo sun ninka. Ranar Alhamis ya zo mana, ya ce wani ramin bai fi taku biyar daga kiryar ba. Baban Fadila ya ce in mutanen nan suka tono, hukuma za ta ce kayanmu ne tunda gonarmu ce; in kuma shi ya kai rahoto, masu kayan ba za su bar shi ba. Na ce masa ya je ya faɗa, gara a san mu da gaskiya. Ni na tura shi, Yaya. Wannan ne ke cin raina.

Ya je wurin mai gari, aka kira jami'an tsaro. Da rana tsaka suka zo da mota biyu, suka kwashe kayan a idon jama'a. Sun yi masa tambayoyi har la'asar, suka gode masa, suka sallame shi. To amma yanzu babu wanda bai san sunansa ba. Shekaranjiya wasu mutum biyu a kan babur, sun rufe fuska da rawani, suka tsaya a rumfarsa yana masallaci. Suka tambayi Sa'idu mahauci, maƙwabcin rumfar, ina mai injin nan, kuma wane ne gidansa. Sa'idu ya ce bai sani ba, Allah ya saka masa. Suka ce za su dawo, suna da aikin da za su ba shi. Wataƙila masu neman zinari ne kawai, ban sani ba. Amma duk babur ɗin da ya shigo lungunmu sai gabana ya faɗi. Na hana Fadila zuwa makaranta. Yari ya bar dawarsa a tsaye, ya kwashe iyali zuwa Aliero. Na'urar kuwa maigida ya kwance ta da hannunsa, bai bari kowa ya gani ba.

Abin da nake roƙo, ka karɓe mu zuwa wani lokaci. Da ƙyar maigida ya yarda, kuma direban ya ce zai ɗauke mu a lodinsa na gaba, nan da kwana goma sha biyu. Saura Inna. Ta ce ba za ta bar ɗakin da Baba ya cika a ciki ba, ko su waye za su zo. Kai kaɗai take jin maganarka. Ka kira ta, kada ka ambaci komai, ka ce dai kana marmarin ganinta. In ta ƙi, ni ma ba zan tafi ba. Zan yaye Ummi a satin nan, in haɗa yaran da babansu, ka riƙe min su.

Ka gaida Yaya Naja'atu da su Sagir da Ihsan. Inna na gaishe ka, kullum tana sa maka albarka. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Kubura