Kwas ɗin da Za a Cire

Litinin, 3 ga Maris

Rahoton masu tantance shirinmu ya iso. Shugaban sashe ya ajiye min shi a tebur ya ce, "Dakta, ke ce mai kula da shirin, sai ki san yadda za ki yi." Ko zama bai yi ba.

A taƙaice: digirinmu na biyu na horar da ma'aikata a wurin aiki, wai babu wurin aiki a cikinsa. Sun ba mu mako shida mu shigar da zango guda na horarwa ta zahiri. Ba a ƙara yawan kwasa-kwasai, don haka dole ɗaya ya fita. In ba mu yi ba, a dakatar da ɗaukar ɗalibai.

Laraba, 5 ga Maris

Sakin layi na bakwai na rahoton. Wai kwas ɗin tsara darasin horarwa da rubutacciyar jarrabawa kaɗai ake cin sa, ɗalibi zai iya zuwa na ɗaya bai taɓa tsayawa gaban ma'aikaci ba. Ba su kama suna ba. Ba sai sun kama ba, nawa ne. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da shi.

Amma akwai na Malam, tarihin ilimin ma'aikata. Ba su yaba ba, ba su kushe ba. Malam shi ya duba kundin digirina na uku, saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma wannan kwas kaɗai ya rage masa. Na rubuta sunan kwas ɗinsa a gurbin wanda za a cire. Da fensir dai.

Lahadi, 9 ga Maris

Na ba Baban yara labari muna karyawa. Ya ce, "To a cikin biyun wanne ya fi rashin amfani?" Na ce ba haka ake tambaya a jami'a ba. Ya ce, "Shi ya sa," ya ci gaba da shan shayinsa. Haushi ya hana ni ƙarasa nawa.

Alhamis, 13 ga Maris

Malam ya leƙo ofis. Ya ce, "'Yata, na ji ana neman wanda za a yanka. In nawa ne ki faɗa min da bakinki, kada in gani a takarda." Na ce ba a tsai da komai ba tukuna. Takardar tana ƙarƙashin gwiwar hannuna, na danne ta har ya fita.

Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai yau.

Talata, 18 ga Maris

Ina neman inda za mu riƙa tura ɗalibai. Na tuntuɓi wata ɗalibata, wadda 'yan aji ke ce wa Hajiya Kwano don kullum da hular kwano rataye a jakarta take zuwa. Ita ce shugabar horarwa a wata masana'antar cika kwalabe, ta ma girme ni. Ta ce, "Malama, zo ki gani da idonki tukuna. Ki ma ba sababbin ma'aikatanmu darasi ɗaya kan yadda ake ɗaga kaya mai nauyi."

Da ƙyar ta ci kwas ɗina bara, ni na ba ta makin. Na amsa da sauri, kada ta ga kamar ina tsoro.

Litinin, 24 ga Maris

Shafi talatin da biyu na majigi, da takardar tambayoyi. Na duba sau uku.

Talata, 25 ga Maris

Babu ɗakin taro. Babu majigi, babu kujera. Horarwar a tsaye ake yi, gefen injin, a ɗan tsakanin da masu aikin safe ke miƙa wa na rana. Minti bakwai. Hajiya ta rantse ta faɗa min tun farko, ni na ɗauka minti bakwai ɗin na gabatarwa ne.

Mutum tara, kowa da toshe a kunne da safar hannu mai kauri. Na raba takardata, sai juya ta suke yi, babu mai iya riƙe biro da wannan safar. Na fara yadda nake koya wa ɗalibai su fara, da manufofin darasi. Manufa biyar. Ina ihu, injin yana ihu. Wani dogo ya nuna kunnensa ya girgiza kai cikin ladabi. Ina kan ta huɗu Hajiya ta nuna min agogo, minti huɗu sun tafi.

Sai ta jawo akwatin kwalabe ta dire a gabansu. Ta bugi gwiwarta, ta ɗaga babban yatsa. Ta bugi bayanta, ta kaɗa yatsa. Ta tsuguna, ta manna akwatin a ƙirji, ta miƙe. Ta nuna na farko. Ɗaya bayan ɗaya suka yi, wanda ya sunkuya ta sa ya sake. Kafin ƙararrawar fara aiki duk taran sun iya. Ko kalma ɗaya ba ta furta ba.

Ni ina tsaye da jakar kwamfuta, kunya kamar in nutse.

Da ta rako ni mota ta ce, "Kada ki damu, Malama. Tsarinki yana da kyau, kujera kawai yake so." Na daure na tambaye ta me take amfani da shi cikin karatunmu. Ta ce na Malam. A ajinsa ta gane abin da ya sa ma'aikata ke ɗari-ɗari da horarwa: sun saba a sa su sa hannu a takardar halarta, in hatsari ya faru a fito da ita a ce ai an koya maka. Shi ya sa ba ta fito da takardar sai an gama, kuma ita ke fara sa hannu.

Na ce, nawa fa? Ta ce, "Yana taimaka min wajen rubuta wa manya rahoto."

Laraba, 26 ga Maris

Ban je ofis ba. Na ce kaina ke ciwo. Yana ciwon ma.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Shugaban sashe ya tare ni a matakala. "Ki cire na tsohon mana, wa zai yi magana?" Gaskiyarsa, babu mai yi. Malam kansa ba zai yi ba, gaishe ni zai ci gaba da yi kamar kullum, kuma abin da nake tsoro ke nan.

Amma in nawa ya tafi, ni wace ce a sashen nan? Saura kwana goma.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na miƙa takardar. Na Malam yana nan. Nawa na rubuta an "haɗe" shi da zangon horarwa. Cikin mako goma sha huɗu, biyu suka rage wa kwas ɗina, amma haɗewa ce, ba cirewa ba. Rabin maki kuma mai horarwa na wurin aikin ne zai bayar.

Malam ya ga kwafi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kin ci abinci kuwa?" Na ce eh. Ban ci ba.

Ko masu tantancewa za su karɓa, sai wata mai zuwa.

Hajiya ta ce gobe akwai sababbin ma'aikata, ta ajiye min minti bakwai. Na ce duba wurin kawai zan zo yi, saboda ɗalibai. Ta ce to.

Na kulle ofis na gwada da kwalin takardu, don motsa jiki dai. Minti shida da rabi, ban buɗe baki ba. Gwiwata ta hagu tana ciwo.