Jan Zaren Firinta

Laraba da dare, Makarfi, 1997

Firintata ta ƙone yau. Ina jona ta sai na ji ƙauri, shi ke nan.

Wayoyin wutar kayan kwamfutar nan kawunansu kusan iri ɗaya ne, amma ƙarfin wutarsu daban. Shi ya sa na ɗaura wa ta firinta jan zare. Kullum ina cewa da masu ƙera su za su daidaita su, da mun huta.

Makon jiya Yaya Iliya ya ari wayar, wai ta ofishinsu a Hunkuyi ta mutu. Jiya ya dawo da ita da zarenta, ya ce, "Ga amanarki, ƙanwata, yadda kika ba ni."

Sai da ɓarna ta auku na duba. Ba tawa ba ce, ƙullin ma ba irin nawa ba ne.

Da firintar nan muke cin abinci, ga shi ko motar da zan kai ta Zariya gyara babu, an rasa man fetur.

Da kuskure ne, wallahi da na yafe. Amma zama ya yi ya kwance zaren, ya ɗaura wa wata wayar, ya riƙe tawa, ya kawo min waccan yana murmushi. Har tuwo na zuba masa.