Yayana Yana Min Faɗa a Baƙin Allo

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan bai ce na taɓu ba.

Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti, aikin da na gada daga yayana da ya rasu bara. Shi ya koya min komai. Ya bar wani ɗan jerin umarni da ke kwafe bayanan marasa lafiya kowace safiya zuwa wata ma'ajiya daban, don gudun ɓacin rana. A farkonsa akwai layi mai command -v, wanda ke duba ko manhajar kwafin tana cikin na'ura kafin a fara aiki. Ban taɓa kula da layin ba.

Kwanakin baya muka sauya na'ura. Ina kunna jerin sai ya tsaya cak, rubutu ya fito a baƙin allo: "Auta, manhajar ba ta nan. Saka ta tukuna, ban da garajen nan naki." Gwaggo, sai da na waiga. Haka yayana yake min magana sak, ashe shi ya rubuta saƙon a cikin layin tun yana raye. Kujerarsa mai karyayyen hannu tana bayana, fanka na juyawa, ba kowa.

Gyaran ba wani abu ba ne. Amma in na saka manhajar, layin zai wuce shiru, ba zan ƙara ganin maganarsa ba. Kullum sai in tura ƙofa, in kunna, ya yi min faɗa, in zauna ina kallo. Tun ranar ba a kwafe komai ba, kuma shugaban asibiti bai sani ba. Ko Inna ban gaya wa ba. Yaya zan yi?

Autar da aka bari

AMSA

'Yata, Allah Ya jiƙan yayanki. Hankalinki lafiya lau, kewa ce, kuma ban ga laifin mai neman muryar ɗan'uwanta a inda ta same ta ba.

Amma ki tuna masu layi a bakin ƙofar likita. In na'urar nan ta lalace gobe, tarihin ciwonsu da magungunansu ne zai salwanta, su kuwa ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Yau ɗin nan ki ɗauki hoton saƙon a wayarki, ki saka manhajar, ki tabbatar kwafin ya kammala. Kada ki goge layin binciken, domin wata rana zai ceci wanda zai gaje ki. Ki sanar da shugabanki giɓin da aka samu, gara ya ji daga bakinki. Sannan ki nuna wa Inna hoton, ku yi kukanku tare.

Yayanki ya hango ranar da za ki zauna ke kaɗai a ɗakin nan, ya bar miki abin da za ki yi. Kin saurare shi ya isa haka, saura ki bi maganarsa. Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya yi wa aikinki albarka.