Ku Dawo Ku Ƙarasa Mana Darasin Karan Masara

Zuwa ga Mai Girma Shugaban shirin koyar da masu kiwon shanu gyaran abinci, wanda ya turo mana malamai Bukuru bara bayan kaka.

Assalamu alaikum. Ina gaida Oga, da iyali, da ma'aikata, har da direban da ya kawo su.

Ranka ya daɗe, ni ne mutumin nan da ya ba bijiminsa takin zamani ya ci. In labarin bai iso ofishinka ba, to ofishinka kaɗai ya rage, don a tashar keke ta Bukuru an daina kirana Sale, sai Dokta. Ina amsawa. Keke napep nake tuƙawa, ina da 'ya'ya biyar, karatuna kuma ya tsaya a aji biyu na sakandare. Duk kuskuren da aka gani a takardar nan, daga ajin da ban shiga ba ne.

Ga abin da ke tafe da ni.

Na ɗaya. An tara mu a wata makarantar firamare, aka ce horon na kwana biyu ne. Na ajiye keke na je, domin ina da bijimai biyu a turke a kangon bayan gidanmu, ga harawa ta yi tsadar da ɗauri guda ke cinye abin da na samo a wuni. Malamin da kuka turo matashi ne mai ladabi, ban da ƙorafi a kansa. Da Turanci ya yi bayani, ni kuwa Turancina na karɓar kuɗin fasinja ne. Amma hoto ba ya bukatar tafinta. Majigi ya nuna karan masara an daddatsa, ya nuna buhun takin yuriya, ya nuna wani bijimi da ƙiba ta hana shi wuya. Nan aka ɗauke wuta. Janareto babu mai. Aka raba mana hula da lemo, aka jera mu aka ɗauki hoto, aka ce gobe za a nuna yadda ake haɗawa da hannu. Washegari muka zauna a gindin mangwaro har azahar, kafin maigadi ya ce mana tun safe motarku ta wuce wata ƙaramar hukuma.

Na biyu, kuma wannan nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Na jira har rani ya yi nisa, ba ku dawo ba. Karan masara ga shi jibge, shanu suna taunawa suna kallona kamar na ba su katako. Akwai ragowar yuriya daga 'yar gonar dankalin maiɗakina. Na ce kara, da taki, da ƙiba, ai lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji biyu ba. Na barbaɗa shi kamar gishiri, na zuba dusa don ya yi daɗi, na ƙara tafi guda saboda ni ba marowaci ba ne. Na ɗauki fasinja na tafi. Ban kai Gada Biyu ba maiɗakina ta kira. Kafin in juyo, babban bijimin ya kumbura, ya yi ta rawar jiki yana dalalar da yawu, ya faɗi. Babu namiji a kusa da zai sa masa wuƙa. Mushe na tarar. Ƙaramin ya tsira ne don babban ba ya barinsa ya sa baki a kwano sai shi ya ƙoshi.

Mun ja shi da igiya muka binne kusa da tsohon ramin kuza. Ban yi kuka ba, ban yi faɗa ba. Na wanke hannu na koma aiki, har na ba wata mata canjin da ya fi kuɗinta. Yau ma in na tuna, ba na jin komai sai kamar an ba ni labarin wani wawa a wata unguwa.

Na uku. Likitan dabbobin da na kira, don ya duba ƙaramin, shi ya faɗa mini sauran darasin yana tsaye a bakin kango. Ashe narkar da takin ake yi a ruwa da awo, a yayyafa wa karan, a danne, a rufe ruf da leda na makonni, sannan a buɗe ya sha iska kafin dabba ta taɓa, kuma da kaɗan-kaɗan ake farawa. Bayanin bai kai tsawon shan shayi ba. Da malaminku ya faɗi wannan da baki a cikin duhun ajin nan, ko ya ce kada wanda ya gwada sai mun dawo, da yanzu ina nan Sale.

Na huɗu. Ba ni kaɗai na karɓi hula ba. Oga Emeka mai shagon kayan babur, wanda ke kiwon maraƙi ɗaya a bayan shagonsa, ya zo mini jaje. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce shi ma ya riga ya sayi takin, Asabar yake jira. Matan da ke da awaki a layinmu su ma ashe niyyarsu ke nan, riga su kawai na yi. Ke nan rana ta biyu ta horon an yi ta, a kangona, bijimina ne malamin. Sai dai abin da mutane suka koya shi ne kada a kuskura a sake sauraron masu majigi. Kara na nan ana ƙonawa a gonaki, shanu na nan suna ramewa, mahauta na saye yadda suka ga dama.

Ban rubuto don a biya ni ba. Hannuna ne ya barbaɗa. Abin da nake roƙo shi ne ku dawo kafin karan bana ya ƙare. Ku yi da Hausa, ita kowa ke ji a nan, Musulmi da Kirista. Ku bar aji da majigi, ku zo inda shanun suke, mu haɗa da hannunmu kuna kallo. Ku auna mana da mudu da bokiti, mu ba mu da sikeli. In kun san lokaci ba zai isa ba, ku fara da abin da ke kashewa, ƙibar ta biyo baya. Kuma ku bar mana mutum guda a Jos da za a iya nema a tambaya. Kangona a buɗe yake, har wurin zama ya ƙaru.

Dalilin gaggawata ke nan, ranka ya daɗe. Bijimin da ya mutu ba nawa ba ne sai a baki. Na babbar 'yata ne, Hauwa'u. Da adashin ɗinkin da ta yi shekara da shekaru aka saye shi, da niyyar a sayar da Babbar Sallah ta shiga makarantar koyon jinya, inda ta riga ta samu gurbi. 'Yan ajinta sun tafi. Ita tana nan a kan keken ɗinki. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya. Kullum ta kawo mini tuwo ta durƙusa ta gaishe ni, in ja ta da wasa, ta yi murmushi don kada in ji kunya. Na fi son ta yi mini tsawa.

Ƙaramin bijimin shi ne abin da ya rage. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga titi. Harawa ta fi ƙarfina, takin kuma ina tsoron ko kallonsa. In bai yi nama ba kafin Sallah mai zuwa, Hauwa'u za ta sake zama, ban kuma san ko gurbin yana jiran mutum sau biyu ba.

Allah Ya ƙara wa Oga lafiya da girma, Ya ba shi ikon kammala duk abin da ya fara, Ya sa 'ya'yansa su yi karatu har ƙarshe. Ni dai 'yata tana bina bijimi guda da shekara guda. Bijimin ina iya ƙoƙari in kun dawo. Shekarar ban san inda ake sayenta ba.

Wassalam.

Sale mai keke,
Bukuru, Jos.