Shinkafar Gwaggo Ta Manne A Sabuwar Kwaltarmu

Assalamu alaikum Baba Ɗanasabe,

Don Allah ka agaza mini da shawara kafin ranar Asabar. Kaina ya ɗaure, abu ya kai har gaisuwa tana neman gagara tsakanina da matar da ta goye ni.

Ni ma'aikaci ne mai ritaya. Na dawo gida Tudun Wada na yi gini a sabuwar unguwa ta bayan gari, wurin da a da faƙo ne kawai da mata suke shanya a kai. Yanzu kuwa gidaje ne na mutanen da suka ga duniya. Muka kafa ƙungiyar masu gidaje, aka ɗora mini shugabanci ba don na nema ba. Da ƙyar muka samu aka shimfiɗa mana kwalta a layinmu shekarun baya.

To ka san ƙasarmu. Rana ta gasa kwalta, dare ya yi ta takure, sai tsaga. Damina ta zo ruwa ya bi tsagar ya cinye ƙasan, sai rami. Bana da ruwa ya ɗauke, titin ya koɗe ya tsattsage kamar dugadugan mai faso. Muka kira wani ɗan kwangila, Mamman. Ya ce a share, a cike tsagogin, a shafe saman da ruwan kwalta, sannan a tare hanya har ta bushe. Muka sanar a gurup ɗinmu na waya, kowa ya turo babban yatsa. Sakatarenmu Alhaji Mas'ud ya ce ba sai an jibge duwatsu da ƙaya sun ɓata kyan wurin ba, ai kowa ya ga saƙo. Ranar Alhamis da yamma aka gama. Titi baƙi wuluk yana sheƙi, har hoto muka yi.

Da sassafen Juma'a sai ga Gwaggo Tani, ƙanwar mahaifina, wadda take zaune a tsohon gidanmu a ƙarshen layin. Sana'arta gumi, wato turara shinkafa ta sayar, tun lokacin da ruwan Tiga ya tashi garinmu muka dawo nan. Ta fito da shinkafar da ta turara, ta taka titin ta ji shi da tauri saboda sanyin safiya, ta zazzage ta baza. An ce har albarka take sa mana, wai yau dai 'yan boko sun yi abin kai, sun share mata wurin shanya. Muna masallaci rana ta take, kwalta ta saki, shinkafa ta nutse. Kaji suka zo cin banza, 'yan tsaki suka maƙale suna tsiwa. Yanzu titin namu baƙi da ɗigo-ɗigon fari kamar kantun riɗi. Yara sun raɗa masa Layin Kantu, 'yan acaɓa ma haka suke tambayar fasinja, wai ko a Kantu zai sauka.

Baba, wannan wane irin jahilci ne? Mutum ya ga abu yana sheƙi yana wari, ya kasa tambaya! Mutanen nan ko zinare ka shimfiɗa musu kuɓewa za su shanya a kai.

Kwamiti ya yanke cewa ranar Asabar a kira ta gaban mai unguwa, a sa ta kankare titin ita da jikokinta, a kuma kafa dokar hana shanya. Ni zan karanta hukuncin. Alhaji Mas'ud yana ta yaɗawa wai shugaban da ya kasa tsawata wa gwaggonsa ba zai iya hana mai tifar yashi ɓata mana titi ba.

Na je in yi mata bayanin yadda kwalta take. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce in gaishe mata da gurup, tunda shi ne dangina yanzu. Tun daga ranar kwanon tuwon da ake kai mata daga gidana dawowa yake ba a taɓa ba. Jiya kuma ya dawo da dunƙulen shinkafa mai kwalta a kan murfin. Maiɗakina ta ce kunya ta ishe ta, ba za ta sake aikawa ba.

In karanta hukuncin, ko in ajiye shugabancin?

Mai Kishin Layi, Tudun Wada

*

Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe Shugaba.

Na karanta wasiƙarka, na cire tabarau na goge na sake bi, ina neman jahilin da ka ambata. Na same shi kuwa, sai dai ba a ƙarshen layi yake zaune ba.

Bari in fara ba ku haƙƙinku. Shafe kwalta kafin ta zama rami hankali ne, unguwanni da yawa sai mota ta karye suke tunawa. Shanya a kan titi kuma ba abin yabo ba ce. Tsakuwa tana shiga abinci, babur yana zamewa, tsohuwa tana tsugune a inda mota take wucewa. Kuma da Gwaggo ta tambaya da ya fi. Iyakar abin da zan iya tara muku ke nan, na duba ko'ina.

Yanzu saurara. Duk wanda aka yanke wa cibiya tsakanin Bebeji da Doguwa ya san idan kaka ta yi, ko tafin hannu ne na busasshen wuri sai an baza hatsi a kai. Ku da kuka ga duniya, a cikin watannin shekara duka wannan kuka zaɓa. Sannan kuka sanar da junanku abin da kuka riga kuka sani, kuka tafa wa kanku da babban yatsa, kuka kwanta. Liman yana nan, mai shela yana nan, matanku suna shiga gidan Gwaggo ɗibar wuta, babu wanda aka gaya wa. Mamman ya ce a tare hanya, kuka ce ƙaya za ta ɓata hoto. To ga hoto nan ya yi kyau, har da kaji.

Kuma kai da alƙalaminka ka rubuta cewa wurin faƙon shanya ne kafin ku zo. Ashe ba Gwaggo ce ta hau titinku ba, titinku ne ya hau faƙonta. Shekara da shekaru tana shanya a kan tsohuwar kwaltar, wa ya taɓa hana ta? Gumin nan, ina kyautata zato, shi ya saya maka wandon makaranta.

Kada ka karanta hukuncin, kada kuma ka ajiye shugabanci. Murabus a wannan gaɓa miƙa wa Alhaji Mas'ud tsohuwa ne ya yi yadda ya so da ita.

Kafin Asabar ka nemi shinkafa shanshera mai kyau daidai wadda ta yi asara, daga rumbunka ko daga kasuwa, ka kai da kanka. Ka tuɓe takalmi a ƙofa, ka durƙusa, ka ce Gwaggo mun yi kuskure. Bayanin yadda kwalta take narkewa ka bar shi a gida, ta gani da idonta.

Ranar taro ka miƙe ka ce laifin na kwamiti ne, kai ne na farko a ciki. Titin kuma kada a kankare, fartanya za ta ɗaye shafen ne ta bar muku sabon gyambo. Ku kira Mamman ya watsa yashi a wurin, tayoyi za su cinye shinkafar. Idan an gama kaka, kafin ruwan farko, ya sake shafa wa wurin ɗan kaɗan. Wannan karon a tare bakin layi da duro da ƙaya, a zaunar da mutum, a faɗa a masallaci, a shiga gida-gida. Sannan ku ware wani gefe ku daɓe shi da siminti don masu shanya. Ranar da daɓen ya bushe, ranar kuke da bakin kafa doka. Idan Alhaji Mas'ud ya dage sai an kankare, a miƙa masa fartanyar, tunda shi ya ajiye ƙayar.

Sunan Layin Kantu kuwa ka haƙura da shi. Abin da yara suka raɗa, kwalta ba ta rufe shi.

Ka lallashi maiɗakinka ta ci gaba da aika tuwo kullum, ko da zai dawo. Kada ka tsaya jiran Gwaggo ta ce ta yafe, irinsu ba sa faɗa. Kwanon za ka riƙa dubawa. Ranar da ya dawo a wanke, ka yi hamdala.

Allah ya huci zuciyarta, ya bar zumunci, ya sa kwaltarku ta ga damina lafiya.

Baba Ɗanasabe