Baba, an ga 'yan ƙwarangwal ɗina a saman bene

Zuwa ga mahaifina, Malam Ɗanjuma mai ɗori.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifinsa, da roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ina sanar da kai muna nan unguwar Hindawiyya ta Makka a ɗakunan da ka bar mu, ni da Yaya Hadiza da 'ya'yanta. Na san ba za ka karanta ba. Masu karantawa kuma su yi mini uzuri, ba zan faɗi lungunmu ba, za su ga dalili.

Baba, hankalina ba a kwance yake ba.

Ka tuna 'yan ƙwarangwal ɗin nan na roba? Na farkon a gabanka na kawo shi. Ina sauke kaya a wani shagon kayan wasan yara a Aziziyya aka buɗe kwali aka tarar da su cunkushe, farare, kowanne da zoben rataya makulli a ka. Mai shagon ya ce a zubar, wane alhaji ne zai kai wa ɗansa ƙwarangwal tsarabar Makka? Na sa ɗaya a aljihu. Da na nuna maka, ka lalubi hannunsa da babban yatsa, ka yi dariya har da tari. Ka ce wanda ya ƙera wannan bai taɓa riƙe hannun mutum ba, ƙashi ɗaya ya sa tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, alhali biyu Allah Ya yi.

Tun daga ranar nake tara su. Akwai mai haske in an rufe shi a tafin hannu. Akwai wanda in ka murza masa maɓalli a baya sai muƙamuƙinsa ya kama kaɗawa kamar mai jin sanyi. Akwai dogo mai gaɓoɓi masu motsi, wani direban tasi ya tsince shi a motarsa ya kawo mini yana tsokanata, wai ga ƙanina ya ɓata. Ni dai kallonsu nake so. Kowanne da irin kuskurensa: wani haƙarƙarinsa ya yi kaɗan, wani ƙugunsa kamar faranti.

Bayan rasuwarka masu karaya suka daina zuwa, ni kuma ban da zuciyar taɓa ƙashin mutum. Amma ka san zafin garin nan da roba, busar da ita yake ta riƙa karyewa. Da ƙafar dogon nan ta ɓalle, hannuna da kansa ya yi abin da ya saba gani. Na sa gam, na jera tsinken sakace a madadin karan ɗori, na yago ƙyalle daga ɗaurin tsofaffin haramin nan da kake kwasowa a Mina in alhazai sun watse, na naɗe, na ɗaure da baƙin zare, ƙulli irin naka. Kai kake cewa kada a matse ƙashi ya ji haushi, kada a sake shi ya yi yawo. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. In na gama sai in jera su a tire in kai inuwar tankin ruwa a saman bene, gam ya kama.

Can Hajiya Ummu Faisal ta gan su.

Ka san ta, maƙwabciyarmu ta sama, haifaffiyar nan mai takardar ƙasa, wadda in ka yi mata Hausa take amsa maka da Larabci. 'Yarta Amal ta daɗe tana fama da ciwon kai da faɗuwa, asibiti ba su gano komai ba. Wani mai ruƙiyya ya gaya wa Hajiya ta bincika kusa da gida, akwai ƙullin sihiri. Ta hau shanya, sai ga tire.

Daga baya na je na tsaya daidai inda ta tsaya, na dube su da idonta. Ƙananan ƙasusuwa a kwance a jere, naɗe da farin ƙyalle kamar likkafani, ga baƙin zare ƙulli a kan ƙulli. Baba, ni kaina sai da gabana ya faɗi.

Ta ce za ta kai ƙara wurin hukuma. Ba sai na gaya maka abin da hakan ke nufi ba. Tambayar farko a kan roba za ta kasance, ta biyu a kan iƙama, takardar izinin zama, mu kuma ba mu da amsar ta biyun. Ga zargin sihiri a kan baƙin mutum irina, ka san yadda ake saurin yarda da shi. Ni in an kwashe ni an mayar gida zan iya dako a ko'ina. Amma 'ya'yan Yaya Hadiza a nan aka haife su, Kano a waya kawai suke ganinta.

Yaya ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta daina fita sayar da wainarta, ta haɗa kayan yara a jaka ta ajiye bayan ƙofa. In mota ta tsaya a bakin lungu sai in ga hannunta ya tsaya cak a cikin kwano.

Na so in rabu da su a ɓoye, na rasa ta inda zan bi. In na zuba a shara, kuliyoyi su barbaza, a ce ga shi ya jefar da shaida. In na binne, to ai abin da ake zargina ke nan. In na ƙona, hayaƙi ya tashi, a ce turare nake. Kowace hanya na duba, kamar aikin boka take.

Sai na ɗauki tiren a buɗe bayan La'asar, lokacin da lungu ke cike, na ratsa da shi har masallacin unguwa. Na roƙi liman ya kira Abu Faisal, mijin Hajiya. A gabansu na warware ɗorin, na nuna tsinke, na nuna karayar, na ce wannan sana'ar ubana ce a kan abin wasa. Liman ya juya ɗaya ya ga rubutun kamfani a bayansa. Ya ce ba sihiri ba ne, amma siffa ce, kuma siffa ba ta zama a gidan Musulmi da kanta a wuya. A cire kawunan, magana ta mutu.

Da hannuna na cire su, Baba. Ƙaramar ƙara suke yi, ƙas, kamar an taka busasshen ƙwallon dabino. Yara suka taru suna dariya, ni kuma ina ta kallon yatsuna. Liman ya zuba gangar jikin a leda ya kulle a ɗakin ajiyar masallaci. Abu Faisal ya ba ni hannu, ya ce in yi haƙuri, uwa ce.

Amma ita ba ta sauko ba. Saƙo ta aiko ta bakinsa, cewa ta dakata, za ta zuba ido a kan yarinyar.

Nan ne barcina ya ƙare. In Amal ta samu sauƙi yanzu, Hajiya za ta ce don an warware ƙullin ne, ashe da gaske ni ne. In ba ta samu ba, za ta ce akwai sauran da na ɓoye. Na juya maganar nan ta kowane gefe kamar yadda kake juya ƙafar da ta kumbura, ban sami inda ba ciwo ba.

Jiya na ji yarinyar tana saukowa bene a hankali, tana dafa bango, tana hutawa a kowane mataki. Na tsaya bayan ƙofa ina sauraro har ta kai ƙasa. A nan na san abin da zan roƙa, ko me zai jawo mana.

Ya Allah, Ka ba Amal lafiya, lafiya cikakkiya wadda ba ta barin ciwo. Ka sanyaya zuciyar uwarta. Ka rufa wa Yaya Hadiza da 'ya'yanta asiri a garin nan da ba su san wani ba. Kai kuma Baba, Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya saka maka da kowane ƙashin da ka mayar mazauninsa. Amin.

Ɗanka mai kewarka,
Sabi'u